Ni da Wutar Cek Injin: Kundin Gyaran Oksijin Sensa

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Yau wata huɗu ke nan wutar cek injin, wadda ke gargaɗin akwai matsala a injin, tana kunne a motata. Corolla ce 'yar Kwatano, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, shi ya sa mitarta mil take ƙirgawa. Ta haura mil 187,000, wato kusan kilomita dubu ɗari uku. Duk wanda na yi wa maganar wutar nan amsa ɗaya yake ba ni: "Wace mota ce a Kano ba ta da ita?" Wani abokin aikina har cewa ya yi in liƙe ta da baƙin salatif in huta.

Ba don mai ba, da na bi shawararsu. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 idona yake kan allurar tanki, balle yanzu da lita take wasa a bakin naira dubu. Makon jiya na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na mayar da ƙaramar mita sifili, na yi zirga-zirgata ta kullum, sannan na koma gidan man nan, famfon nan dai, na sake cikawa. Lita 42 ta sha, ni kuma mil 218 na yi. In aka ninka da 1.609 ya zama kilomita 351. Ke nan lita ɗaya ba ta kai ni kilomita takwas da rabi. Injin 1.8 ne fa, ga sanyi ana yi, ko sau ɗaya ban kunna na'urar sanyaya mota ba.

Ƙanena yana da 'yar na'urar nan ELM327 mai karanto lambobin ciwon mota, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, wanda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 dole tana da shi. Ya soka ta a can, ya haɗa da wayarsa ta Bluetooth, ya buɗe manhajar Torque. Lambobi biyu suka fito. P0171, ma'anarta iska ta rinjayi mai a cikin injin. P0133 kuma, oksijin sensa ta gaba tana nawa wajen ba da amsa.

Ya ce, "Yaya, ai ga shi ta faɗa da bakinta. Sensa ce, a sayo a sa." Na ce ya bar ni in kwana a kai. Ya kai yatsa zai goge lambobin, na riƙe hannunsa, domin birenbos, wato kwamfutar motar, yana ajiye bayanin halin da injin yake ciki a daidai lokacin da lamba ta kama, kuma gogewa tana tafiya da shi. Muka duba: P0171 ta kama ne mota tana tsaye, injin yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Na ɗauki hoton allon, na karɓi aron na'urar.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na wuni ina karatu a kan wannan 'yar aba, zan rubuta abin da na fahimta don kada ya zube.

Fetur yana ƙonewa tsaf ne in aka haɗa nauyi 14.7 na iska da nauyi ɗaya na mai. Birenbos ya san yawan iskar da ke shiga, eyafulo mita, mai auna iskar, ce ke gaya masa, a kan haka yake auna man da nozul za su fesa. Amma lissafi daban, abin da ya faru a cikin injin daban. Shi ya sa aka dasa oksijin sensa a hanyar hayaƙi, ta riƙa shinshina abin da ya fito tana kai rahoto. Kamfanin Bosch ne ya fara fito da ita, Volvo kuma ta fara sa ta a mota a 1976.

A cikinta akwai wani ɗan tangaran na zirkoniya da aka shafe da filatinam. Gefe ɗaya yana fuskantar hayaƙi, ɗaya gefen yana fuskantar iskar waje. Bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu shi ke haifar da 'yar wutar lantarki, kamar ƙaramin batir. In oksijin ya yi saura da yawa a hayaƙi, sai ta ba da kamar volt 0.1, birenbos ya ƙara mai. In mai ya yi yawa ya cinye oksijin ɗin, sai ta haura wajen 0.9, ya rage. Tsakiya ita ce 0.45, amma lafiyayyiyar sensa ba ta zama a nan, kullum tana lilo sama da ƙasa. Wannan lilon shi ne alamar tana da rai. Kuma ba ta fara magana sai ta yi zafin da ya haura digiri 300, don haka aka sa mata hita a ciki. Waya huɗu gare ta: biyu na hita, ɗaya na saƙo, ɗaya na ƙasa. Kafin ta yi zafi birenbos ba ya sauraronta, da hadda yake aiki.

Sensa biyu ce a motar. Ta gaba, wadda ke kafin katalis, tulun da ke tace gubar hayaƙi, ita ke juya akalar mai. Ta baya aikinta sa ido a kan katalis ɗin, abin nan da masu gyaran salansa ke kira indomi saboda cikinsa ya yi kama da taliyar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, P0171 ba ta ce sensa ta lalace ba. Sensar ce ma ta kawo ƙarar cewa iska ta yi yawa. Tana iya zama gaskiya ta faɗa. In na cire ta na jefar alhali wani wuri ne ke shan iska, sabuwar ma abin da za ta faɗa ke nan, kuɗina kuma ya tafi.

Talata, 10 ga Disamba

Bayan na tashi daga aiki na biya gareji. Makanikena dattijo ne, ya fi shekara talatin yana kwance injin, kuma ba ya son a zo masa da waya ana karanta masa ciwo. Na nuna masa lambobin, ya kalle su sama-sama ya ce, "Yallaɓai, kwamfuta ba ta jin kukan injin. Tayar mini da ita." Ya tsaya ya karkata kunne, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Can ya ce, "Da safe in ka tayar, tana rawa?" Na ce tana yi, musamman tun da hunturu ya shigo, amma da ta ɗumama sai ta daidaita. Ya gyaɗa kai. "Iska take sha ta wani wuri. Ka kawo ta da sassafe, kada ka bari ta yi zafi."

Na yi shiru, saboda abin da na wuni ina haɗawa ranar Lahadi shi ne ya faɗa cikin minti biyu. Yaronsa ya sa baki wai a ciro sensar a wanke da fetur, haka ake yi. Ogan ya ce masa ya je ya ƙarasa birkin da ya bari.

Asabar, 14 ga Disamba

A garejin motar ta kwana. Ƙarfe bakwai na isa, hazo ya rufe gari, yara suna jin wuta a bakin titi. Muka tayar da ita, rawar nan kuwa ta bayyana, har sitiyari yana karkarwa.

A manhajar akwai lambobi biyu da suka fi komai amfani a wannan aiki. Ɗaya tana nuna ƙari ko ragin man da birenbos yake yi nan take, ɗayar tana nuna wanda ya riga ya koya ya ajiye na dogon zango. A lafiyayyen injin dukansu ba sa nisa da sifili, ɗan sama ko ɗan ƙasa. Tawa ta dogon zango a silo tana kan ƙarin kashi 22 cikin ɗari. Na taka totur na riƙe injin a juyi 2,500 a minti, ta sauko zuwa 6.

Wannan saukowar ita ce ta tona asiri. A silo bakin totur a rufe yake, iskar da injin ke ja kaɗan ce, saboda haka ko 'yar ƙaramar kafa ce ke shigo da iskar da eyafulo bai ƙirga ba, kasonta yana da yawa. In aka buɗe totur sai iskar halal ta yi yawa ta shanye ta satar. Da famfon mai ne ya gaji, ko eyafulo ne ke rage ƙirga, da a sama abin zai ƙara muni.

Saura gano kafar. Muka bi duk robobin iska, babu wanda ya tsage. Oga ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto, ya sa yaro ya ajiye bokitin yashi kusa, domin abin nan yana kama wuta. A injin ɗin nan, 1ZZ-FE, manifol ɗin iska, wato bututun da ke raba wa injin iska, na roba ne kuma a gaba yake, salansa tana baya, don haka feshin ya yi nisa da wurin zafi. Ya riƙa fesawa kaɗan-kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan injin, ni kuma idona yana kan waya. Baki na farko shiru, na biyu shiru. Yana kaiwa na ƙarshe ta ɓangaren direba sai kukan injin ya canza, lambar nan take ta faɗi ƙasa da sifili da kashi 15. Injin ya zuƙi feshin ta gaskit, robar da ke toshe wannan mahaɗar. Muka maimaita sau uku, duk haka. Oga ya dube ni ya ce, "To, wayarka ta yarda?"

Dalilin rawar safe ma ya fito. Robar gaskit in ta tsufa takan ƙanƙance a sanyi, in injin ya yi zafi ta ɗan kumbura ta toshe kafar. Shi ya sa da bazara ban ji komai ba.

Tunda mun buɗe bonet, muka ciro eyafulo, noti biyu ne kawai. In ka leƙa cikin ramin za ka ga wasu siraran wayoyi biyu, nawa sun yi furfura da ƙura. Ba a taɓa su da komai, ko da auduga, feshinsu na musamman ake yi musu a bar su su bushe. Filtar iska kuwa an sha hure ta da kwamfuresa har ta fara huda. Laifina ne wannan, ni na riƙa cewa a hure a mayar. Na sayi sabuwa.

Laraba, 18 ga Disamba

An canza gaskit. Tsohon ya baje ya yi tauri kamar busasshiyar ganda, ina lanƙwasa shi ya karye. Yaron Oga ya kawo gam zai shafa wa sabon wai don ya ƙara kamawa, na ce a'a. Wannan gaskit ɗin a bushe ake sa shi, kuma wasu nau'o'in gam na silikon in tururinsu ya bi ta injin ya isa hayaƙi, yakan lulluɓe bakin sensa da farin gari ya kashe ta. Haka ma ruwan lagireto in yana shiga injin, da baƙin mai in injin yana ƙona shi, da fetur mai dalma, ko da yake shi wannan an daina sayar wa motoci shi a duniya tun 2021.

Na goge lambobin, wuta ta mutu. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini kaya.

Juma'a, 20 ga Disamba

Murna ta koma ciki. A hanyar dawowa daga masallaci wutar ta dawo. Amma P0133 ce kaɗai, P0171 ba ta biyo ta ba, kuma ƙarin mai na dogon zango ya sauko zuwa kashi 3. Rawar safe ta tafi. Kwana biyun da wutar ta yi a mace ba waraka ba ce, ita wannan lambar sai birenbos ya ga laifin a tafiya biyu a jere kafin ya kunna wuta.

Yanzu da babu mai ruɗa ta, sensar za ta iya amsa tambaya da kanta. Na bar injin ya yi zafi sosai, ruwa ya kai digiri 88. A nan na yi hamdala cewa ba a cire wa motar tamostat mai daidaita zafin ruwan injin ba, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan da sunan ƙasarmu akwai zafi, alhali injin da ba ya kai zafinsa mai yake sha. Na riƙe totur a 2,500 na buɗe zanen wutar sensa. Lafiyayya za ta tsallaka tsakiya sau takwas ko fiye a daƙiƙa goma, ta taɓa can sama ta taɓa can ƙasa. Tawa sau uku, wani lokaci huɗu, kuma tsakanin 0.25 da 0.7 take ta jan jiki, zanen kamar tudun yashi. Na danna totur da ƙarfi na saki. Kamata ya yi ta yi tsalle zuwa 0.9 nan da nan, sannan ta faɗo ƙasa. Sai da ta yi tunani tukuna.

Da yamma na koma gareji don abu biyu. Na farko, ko salansa tana da huda kafin wurin sensa, domin iskar waje in tana shiga ta nan za ta ɓata karatun. Oga ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ya bi da kunne da hannu, babu inda ke huci. Na biyu, muka cire soket muka duba, babu tsatsa babu wayar da ta ƙone, mitar awon wuta kuma ta nuna hitar ba ta yanke ba. Ke nan ƙanena bai yi ƙarya ba, sensar ta gaji. Rabin labarin dai ya sani. Da alama ita ce ta asali, wadda motar ta fito da ita.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau na yi abin kunya. Na shiga Ƙofar Ruwa na ce a ba ni oksijin sensa ta gaba, Corolla 2005, domin a haka aka sayar mini da motar kuma haka nake faɗa wa kowa shekara uku. Mai shagon ya miƙo, na biya, na kama hanyar gareji. Muka gwada soket kafin mu kwance tsohuwar, ya ƙi shiga. Yaro ya ce abu mai sauƙi ne, a yanke wayoyin a haɗa, huɗu ne nan huɗu ne can.

Allah ya sa ban yarda ba. Na duba jikin sabuwar, lambarta ta fara da 89467. Na haska ta jikin mota da fitilar waya, da ƙyar na karanto 89465. A tsarin Toyota waɗannan abubuwa biyu ne daban. Mai 89465 ita ce mai lilon da na bayyana. Mai 89467 sabon salo ce, tana auna ainihin yawan iska da mai, harshen da take yi wa birenbos daban ne, hitarta ma ta fi jan wuta. Muka sa mita a hitar wadda na sayo, ohm ɗinta bai kai uku ba, ƙasa da na tsohuwar sosai. Da mun haɗa ta da ƙarfin tsiya, in an yi sa'a mota ta ƙi daidaita, in ba a yi ba mu taɓa birenbos.

To me ya kawo tsohon salo a motar 2005? Na buɗe ƙofar direba na karanta lambar shasi. Harafi 17 ne, na goma shi ke faɗin shekarar mota. Nawa 4 ne. Farkon lambar kuma 1NX, wato a Fremont ta jihar Kalifoniya aka haɗa ta. Oga ya yi dariya ya nuna mini wayar totur: "Yallaɓai, ai 2005 ba ta da wannan, nata na lantarki ne. Ni tun ranar farko na san 2004 ce aka canza mata fuska, na ɗauka ka sani." An sauya mata bamba da fitilu kafin ta zo hannuna, ni kuma ban taɓa ƙirga haruffa ba.

Litinin, 23 ga Disamba

Mai shagon bai yi gardama ba, tunda ban ɓata kayan ba. Ya ce, "Alhaji, kai ka ce 2005." Na ce ni na ce. Ya zube mini kala uku a kan kanta: 'yar Kwatano da aka ciro daga wani injin, wata sabuwa mai arha a farin kwali babu suna, da sabuwar Denso wadda kuɗinta ya kusa ninka na 'yar Kwatanon uku.

Na daɗe a tsaye. A kayan ƙarfe ina son na Kwatano, sau da yawa sun fi sababbin da ke yawo inganci. Amma sensa aba ce mai ƙarewa kamar filogi. Wadda aka ciro daga motar da ta shekara ashirin tana iya zama sa'ar tawa a gajiya, kuma ido ba ya ganewa. Mai farin kwalin ban ma tsaya a kanta ba. Na ɗauki Denso, na juya kwalin na duba rubutun da aka zana a jikin ƙarfen, na gwada soket ɗinta da hoton da na ɗauko. Wayoyin biyu baƙaƙe ne na hita, shuɗiya ta saƙo, fara ta ƙasa, yadda na Denso suke. Jabu ya yi yawa, ba zan rantse ba, sai dai mun yi da shi cewa in zanen bai yi kyau ba zan dawo da ita. Ya ce ya ji.

Asabar, 28 ga Disamba

Aikin da na ɗauka na minti ashirin ne ya ci mana awa biyu da rabi.

Sensar tana bayan injin, a ɗan matsatsin da ke tsakaninsa da bangon mota, hannu yana shiga amma ido ba ya bin sa. Kanta milimita 22 ne. Akwai soket na musamman na kwance ta, irin na kwance noti, mai tsaga a gefe don waya ta wuce, Oga yana da shi. Ya sa, ya ja, ko gezau. Shekara ashirin na zafi da tsatsa sun mayar da ita da salansa abu ɗaya. Ya ƙara ƙarfi sai soket ɗin ya fara buɗe baki ta wurin tsagar, yana neman cinye kusurwoyin. Ya tsaya nan take. Ya ce in kan ya murje, ko zaren ramin ya biyo ta, to maganar ta tashi daga sensa ta koma sauke salansa.

Muka fesa man sassauta tsatsa muka ba shi minti ashirin. Muka tayar da injin na minti biyu don ƙarfen ya ɗan buɗe, ba har ya ƙona hannu ba. Tunda tsohuwar ba za ta koma ba, Oga ya datse wayarta, ya zura sifana mai zobe wadda ke kama duk kusurwa shida, ya shiga rami ta ƙasa, ya ƙara mata bututu. Sai ya fara ɗaurewa kaɗan tukuna, kamar mai ƙara matse ta, sannan ya juya baya. Muka ji "ƙas". Daga nan bai yi gaggawa ba: kwata ya kwance, ya mayar, ya fesa mai, ya sake. Yaron ya so ya karɓa ya ƙarasa da sauri, ya ce masa, "Kai dai kalla."

Da ta fito na riƙe ta a tafin hannu. Bakinta ya yi baƙi da toka-toka, wasu daga cikin 'yan ramukan sun kusa toshewa. Babu farin garin silikon, babu maiƙon baƙin mai, wanda ya kwantar mini da hankali game da cikin injin. Zaren ramin ya tsira.

Sabuwar ta zo da man hana kamewa a zarenta, muka kula kada ya taɓa bakin. Da hannu aka fara ɗaura ta har ta zauna, sannan aka matse. Ƙa'idarta nita-mita 44 ce a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Babu sifanar awo da za ta shiga wurin, don haka hannun Oga ne ma'auni. Muka mayar da wayar cikin maƙalanta don kada ta kwanta a kan salansa ta narke.

Na goge lamba, muka jira zafi, na riƙe 2,500. Zanen ya fito kamar haƙoran zarto, daga 0.1 zuwa sama da 0.8, na ƙirga tsallake goma sha ɗaya a daƙiƙa goma. Na juya wa Oga wayar. Ya ɗan kalla ya ce, "Ta yi kyau," ya tafi wanke hannu.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mutuwar wuta bayan gogewa ba hujja ba ce, na riga na koyi wannan. Birenbos yana da jerin gwaje-gwajen da yake yi wa kansa, kuma manhajar tana nuna wanda ya kammala da wanda bai kammala ba. Wasu ba sa gudana sai an yi tafiya mai ɗan nisa a gudu ɗaya. Muna da ɗaurin aure a Zariya, sai na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ƙanena ya riƙe waya, ni ina tuƙi. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora gwajin sensa da na hitarta sun kammala lafiya. Ƙarin mai yana yawo tsakanin sifili da kashi 4. Motar ta fi amsa totur, ko kuma zuciyata ce.

A hanyar dawowa ya ce, "Yaya, akwai wata lamba a layin jira." P0420. Ba ta kunna wuta ba tukuna. Na ce ya rufe wayar.

Asabar, 11 ga Janairu

Na cika tanki ranar da muka dawo don kada tafiyar Zariya ta shiga lissafi, duk da cewa sai da na ƙara zirga-zirga a makon nan kafin ya sauka. Yau na sake cikawa a famfon nan. Lita 41, mil 245, wato kilomita 394. Lita ɗaya ta ba ni kilomita 9.6, a da 8.4. Ba abin a yi shela ba ne, kuma ba zan iya raba wa gaskit da eyafulo da filta da sensa ladansu ba, tunda kusan tare aka yi su. Amma a kowane tanki na samu ƙarin kusan kilomita hamsin, cikin cunkoson Kano. Sensar za ta biya kuɗinta kafin azumi ya wuce in abin ya ɗore.

Wutar kuwa ta dawo tun ranar Alhamis. P0420 ta tabbata: katalis ba ya aikinsa. Ba sabon ciwo ba ne. Muddin akwai lambar sensa a ajiye birenbos ba ya gwada katalis, domin da sensar zai yi gwajin. Yanzu da ya samu mai gaya masa gaskiya, ya gwada. Na buɗe zanen sensa biyu tare. Ta baya kamata ya yi ta kwanta kusan a miƙe, saboda lafiyayyen katalis yana riƙe oksijin ya shanye lilon. Tawa tana bin ta gaba sawu da ƙafa, duk inda waccan ta hau ta hau.

Talata, 14 ga Janairu

Mun sa ta a rami. Oga ya ƙwanƙwasa tulun katalis da bayan sifana, ya yi ƙara kamar gwangwanin da ba komai ciki. Ya goge ƙurar saman da tsumma ya haska mini: ga layin walda nan mai kusurwa huɗu, an yanka an buɗe an mayar, a ta saman da ba a gani sai an leƙa. Waldar ta yi tsatsa, ta daɗe. An kwashe indomin tun kafin motar ta zo hannuna, saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke cikinsa kuɗi ne a wurin masu saye.

Yaron ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa sensar baya ya janye ta daga hayaƙi, wutar ta mutu. Na ce na san shi, ba na so, tunda hayaƙin da 'ya'yana ke shaƙa in ina ɗumama mota a tsakar gida ba zai canza ba. Na tambayi kuɗin katalis na Kwatano mai cikinsa, Oga ya faɗa, na ce a sauko da motar tukuna. Ya ce zai sa a nemo mini wanda za mu haska cikinsa da fitila mu ga saƙar da idonmu kafin a biya. Mun ajiye magana sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Na mayar wa ƙanena na'urarsa, na ba da saƙon a sayo mini tawa.